Yadda Aka Nemi Hanyar Dutsen Annafurna

A arewacin ƙasar Indiya akwai wani jerin duwatsu da a ke kira Himalaya. A duniya duka duwatsu 14 ne tsawonsu ya zarce mita 8,000, watau ƙafa 26,000 da 'yan kai, kuma har farkon shekarar 1950 ba a sami ɗan Adam da ya taka kan ko ɗaya daga cikinsu ba. Biyu daga cikin duwatsun nan suna ƙasar Nefal, suna duban juna. Na yamma shi ne Daulagiri, tsawonsa ƙafa 26,795, na gabas kuwa Annafurna, ƙafa 26,545. Tsakaninsu kamar mil 21 ne, kogin Kali Gandaki ya ratsa ta cikin wani kwari mai zurfin gaske.

Shekara da shekaru masu mulkin Nefal ba su yarda baƙi su shiga ƙasarsu ba, sai wajen 1949 suka fara sassautawa. Suka ba waɗansu Faransawa tara izinin su hau ɗayan duwatsun nan biyu a 1950, wanda duk suka zaɓa. Madugunsu shi ne Maurice Herzog. A cikinsu akwai gwanayen hawa uku, Lachenal da Terray da Rebuffat, da likita mai suna Oudot. Suka ɗauki mutane takwas na kabilar Sharfa, waɗanda hawan dutse ne sana'arsu, babbansu Ang Tharkay, da 'yan alaro fiye da 100.

Jirgin ƙasa ya kai su Nautanwa, a bakin iyakar Indiya, mota ta ƙarasa da su Butwal. Daga nan sai ƙafa, kwana da kwanaki, har suka sauka Tukuca cikin watan Afrilu. A wancan zamani garin fatake ne a cikin kwarin Kali Gandaki, inda a ke musayar gishirin Tibet da hatsi. A nan suka yi zango.

Abin da ya matsa musu shi ne lokaci. A ƙasar nan damina kan faɗi a farkon watan Yuni, kuma ruwan da a ke yi a ƙasa, a kan dutse dusar ƙanƙara ce, wadda kan binne hanya, ta gangaro ta danne mutane. Saboda haka makon da suka ɓata wajen neman hanya, daga cikin kwanakin hawa aka zare shi. Ga shi kuwa taswirar da suka dogara da ita, wadda ma'aunan ƙasa na Indiya suka zana, daidai ta ke a cikin kwari, amma can sama, inda masu awon ba su taka ba, ta kauce wa gaskiya. Mutanen gari sun san hanyar fatauci da ta kiwo sarai, amma ba su da wata bukata a cikin ƙanƙara, balle su san ta inda a ke hawanta.

Da fari Daulagiri suka sa gaba, gama ga shi nan tsaye bisa kansu. Suka rarrabu biyu biyu, uku uku, suka gwada shi ta gabas, suka zaga ta arewa. Ko ina suka ɓullo sai ƙanƙara mai tsagewa da gangare kamar bango. Annafurna kuwa ko ganinsa ba a yi daga Tukuca, domin duwatsun Nilgiri sun kare shi.

Hanya biyu aka yi tsammani za su kai gindinsa. Ta farko ita ce wadda taswira ta nuna, watau a bi ta arewa, a haye wata mashiga da a ke kira Tilico, a ɓullo wa dutsen ta baya. Herzog da kansa ya bi ta tare da Rebuffat da Ichac mai ɗaukar hoto. Da suka haye sai suka tarar da wani babban tafki daskararre, a kudancinsa kuma ga wata doguwar garu ta dutse da ƙanƙara wadda babu ita a taswira. Annafurna yana bayanta, ba ta inda za a tsallaka da kaya. Herzog ya gangara har ƙauyen Manang, ya komo da yunwa da gajiya. Gani ya kori ji.

Ta biyu ita ce ta wani rafi mai suna Miristi Kola, wanda ya fito daga ƙanƙarar Annafurna ya zuba cikin Kali Gandaki. Bakinsa matsattsen kwazazzabo ne, ba ya biyuwa. Amma ran 27 ga Afrilu Couzy da Schatz da likita Oudot suka hau kafaɗar Nilgiri, sama da ƙafa 13,000, suka sami wata 'yar siririyar hanya da ta kewaye kwazazzabon ta sauka can cikin rafin. Hanya ce mai wuya ga mai kaya a ka, kuma ba su kai ƙarshenta ba.

Ran 14 ga Mayu Herzog ya tara jama'arsa a Tukuca suka yi shawara. Aka bar Daulagiri, gama da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Aka bar Tilico, aka zaɓi Miristi Kola, ko da ya ke ba wanda ya ga fuskar dutsen da kyau tukuna. A lokacin nan kamar mako uku ya rage damina ta faɗi. Da suka isa gindin dutsen ma sai suka ɓata waɗansu kwanaki a kan wani tsauni na arewa maso yamma wanda bai kai su ko ina ba, kafin su gane kogin ƙanƙara na arewa shi ne hanya.

Daga nan gaggawa ce kawai. Suka kafa zango biyar, ɗaya bisa ɗaya, kuma ran 3 ga Yuni 1950 Herzog da Lachenal suka tsaya a kan ƙololuwa, ba tare da tulun iskar shaƙa ba. Wajen saukowa hadari ya rufe su. Safar hannun Herzog ta suɓuce ta gangara. Su da Terray da Rebuffat, waɗanda suka tarye su, suka ɓace cikin hazo, suka kwana a cikin tsagar ƙanƙara, sanyi ya cinye wa mutanen nan biyu yatsu. Ta waccan siririyar hanya Sharfawa da 'yan alaro suka goyo su, cikin ruwan sama, rafuka sun cika. Kimanin wata guda aka yi kafin a kai bakin jirgi, likita yana yanke yatsun da suka mutu a zango zango. Lachenal ya rasa yatsun ƙafarsa duka, Herzog ya rasa na ƙafa da kusan dukan na hannu.

Annafurna shi ne na farko da aka hau cikin duwatsun nan 14, shekara uku kafin a hau Everest. Daulagiri kuwa sai a 1960 aka hau shi. Wanda ya duba lissafin kwanakin Faransawan nan zai ga neman gindin dutsen ya ci kusan wata guda, hawan kansa bai cika mako biyu ba. Kwanakin da taswira ta cinye musu su ne suka rasa ranar saukowa, kuma da yatsunsu suka biya.