Mu Ma Zuwa Muka Yi: Ɗan Baƙo a Makarantun Mubi

'Yan'uwa mazauna Sabon Layi, sunan unguwarmu kaɗai ya isa ya tuna mana cewa zuwa muka yi. Kakanninmu fatake ne da malamai daga ƙasashen Kano, Katsina da Zazzau. Sun tarar da Gude da Fali da Fulani a nan, aka ba su wurin zama. Ita kanta Mubi daga baya ta shigo Najeriya. Tana hannun Jamusawa har Yaƙin Duniya na Ɗaya, sannan Turawan Ingila suka riƙe ta. Sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta watan Fabrairun 1961 aka haɗe ta da Arewa, ta zama hedikwatar Lardin Sardauna.

A wancan zamani, makarantar allo ce ta fara ɗinke baƙo da ɗan gari. Malamin zaure ba ya tambayar yaro takardar asali. A ba shi allo da tawada, maƙwabta su ba shi tuwon dare, shi ke nan ya zama ɗan gida. Da aka kawo Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya garin nan a 1982, aka kuma kafa Jami'ar Jihar Adamawa a 2002, ma'aikata suka zo da iyalansu daga ko'ina, 'ya'yansu suka zauna benci ɗaya da namu.

Babbar jarrabawa ta zo a 2014. A watan Agusta Boko Haram ta kama Gwoza, sai Madagali, sai Michika. Mutanensu suka kwararo Mubi. Ranar 29 ga Oktoba mu ma aka ci garinmu. Wasu suka bi duwatsu zuwa Kamaru, wasu suka nufi Yola a ƙafa. A Nuwamba aka ƙwato Mubi, amma da yawa sun jima ba su dawo ba. A tsakanin nan 'ya'yanmu a azuzuwan mutane suka raɓa, kuma mun ɗanɗana yadda kalmar “ɗan gudun hijira” take da ɗaci.

To, yau fa? Iyalai da dama da suka zo a wancan lokaci sun zauna tare da mu. Amma a wasu makarantunmu, na boko da Islamiyya, har yanzu ana juya yaro saboda takardar haihuwarsa ta ƙone. Uwar da Hausarta ba ta nuna ba tana jin nauyin zuwa taron iyaye da malamai, mu kuma ba mu aika mata ba. Uban da ke biyan kuɗin wata kamar kowa, ba a taɓa sa shi a kwamiti ba.

Hausawa na cewa baƙonka annabinka. Mutanen Madina ba masauki kawai suka bai wa Muhajirai ba, 'yan'uwa suka mayar da su. Shaidar mai unguwa ta isa a karɓi yaro kafin takarda ta samu. Kowane kwamitin makaranta ya ware kujera ga waɗannan iyaye, a kuma je har gida a gayyace su.

Allah Ya zaunar da garinmu lafiya, amin.