Kulob ɗin Tseren Jiragen Iska na Shuɗin Nilu

Kulob ɗin Tseren Jiragen Iska na Shuɗin Nilu ƙungiya ce ta masu sha'awar tuƙa ƙananan jiragen ruwa masu filafilai, wadda aka assasa a birnin Hartum a shekarar 1926, zamanin da Ingila da Masar suke mulkin ƙasar Sudan a tare. Mazauninsa yana bakin kogi, gabas da Mukran, inda Shuɗin Nilu mai gangarowa daga tsaunukan Habasha yake gamuwa da Farin Nilu.

Asalin kulob ɗin ba ya rabuwa da tarihin wani jirgin yaƙi mai suna Malik, wanda kamfanin Thornycroft ya ƙera a Ingila domin rundunar Janar Kitchener. Da yake duwatsun da suka tsare Nilu ba sa barin irin wannan jirgi ya haura cikin sauƙi, sai aka yi jigilarsa gunduwa-gunduwa ta teku zuwa Masar, aka ratsa hamadar Nuba da shi a jirgin ƙasa, sa'an nan aka harhaɗa shi a Abadiya, kusa da Barbar. Ranar 2 ga Satumba, 1898, igwoginsa na cikin waɗanda suka yi luguden wuta a kan Ansaru, mabiya Halifa Abdullahi magajin Mahadi, a yaƙin Karari, wanda daga gare shi daular Mahadiyya ba ta sake tashi ba.

Sa'ad da gwamnati ta sallami Malik daga aiki a 1926, sai aka ba da shi ga sabon kulob, aka ɗaure shi a gaɓa, ya zama zauren da membobi, waɗanda galibinsu a lokacin ma'aikatan Ingilishi ne, suke shawara da hira bayan an tashi daga tsere. Ko a hakan bai rabu da yaƙi ɗungum ba, domin an fito da shi a fim ɗin The Four Feathers na 1939.

Bayan Sudan ta sami mulkin kai a 1956, al'amuran kulob suka koma hannun 'yan ƙasa sannu a hankali. Amma Malik, wata babbar ambaliya ta ƙarshen shekarun 1980 ta ɗora shi a kan tudu, ruwa ya janye ya bar shi cikin harabar kulob.