Birnin da Dogo Bai Kai Ba: N'Djamena da Tarihin Jirgin Cikin Gari

A wasu manyan biranen duniya akwai wani ƙaramin jirgin ƙasa da ke bin dogo a tsakiyar titi, kafaɗa da kafaɗa da motoci da masu tafiya a ƙasa. Turawa suna kiransa taram. A wasu wuraren akan tsara masa hanya yadda zai zagaye tsakiyar gari ya komo inda ya tashi, kamar wanda aka buɗe a Melbourne ta Ostareliya a 1994. N'Djamena, babban birnin Chadi, ba ta taɓa samun irin wannan jirgi ba. Hasali ma, har yau ba jirgin ƙasan da ke shiga ƙasar baki ɗaya. Ruwa kuwa ba ya tsami banza, kuma dalilin wannan rashi yana cikin tarihin yadda Turawan mulkin mallaka suka shimfiɗa dogo a Afirka.

Garin ɗan yaƙi ne tun daga tushe. A ranar 22 ga Afrilu, 1900, sojojin Faransa suka gwabza da Rabe a Kusseri, inda aka kashe shi, aka kuma kashe kwamandan Faransawa, Lamy. A watan Mayu na wannan shekara Émile Gentil ya kafa sansani a ƙetaren Kogin Shari, daura da mahaɗarsa da Kogin Logon, ya sa masa suna Fort-Lamy. Da wannan suna garin ya ci gaba har bayan samun 'yancin kai a 1960. Sai a 1973 Shugaba Tombalbaye ya mayar da shi N'Djamena.

A daidai lokacin da ake kafa wannan sansani, wasu garuruwan Afirka suna karɓar ƙananan jiragensu. A ƙarshen 1901 gwamnatin Lugard ta shimfiɗa siririn dogo tsakanin Wushishi da Zungeru, a shekara ta gaba aka ƙarasa shi Barijuko, domin kwaso kayan da jiragen ruwa ke saukewa a bakin Kogin Kaduna. A 1902 aka buɗe na Ikko, wanda ke tashi daga tashar Iddo ya haye gadar Carter ya shiga cikin tsibiri. Ya daina ɗaukar fasinja a farkon 1914, amma an ci gaba da kwashe ƙazantar gari a kan dogon har 1933. Khartum kuwa ta samu nata a 1904, mai aiki da tururi. A 1928 aka koma ga lantarki, jirgin yana haye sabuwar gadar Farin Nil zuwa Umdurman, har aka dakatar da shi a 1962.

Abu guda ya haɗa waɗannan uku. Kowannensu yana jingine ne da babbar hanyar kaya, ko dai babban dogo ko kuwa mashigar jiragen ruwa. Ta nan ake samun ƙarfen dogo da gawayi da makanikai, ta nan kuma fasinja da kaya ke fitowa. Shi ya sa da babban dogon da ya nufi Kano ya ratsa Zungeru, sai aka tuge ɗan ƙaramin, aka yi amfani da ƙarafansa wajen aikin dogon Zariya zuwa Jos.

Fort-Lamy ba ta da irin wannan majingina. Kayan da Faransa ke aikowa ta cikin yankunan mulkinta sukan sauka a Pointe-Noire, su hau jirgin ƙasa zuwa Brazzaville bayan kammala wannan dogo a 1934, su bi kogunan Kwango da Ubangi zuwa Bangui, sannan a ɗora su a mota zuwa arewa. Tafiya ce ta kusan kilomita 3,000. Akwai hanyar Binuwai ta Garwa, amma sai da damina jirgin ruwa ke iya kai wa can. Hanyar Najeriya ta fi sauƙi, sai dai tana hannun Ingila. Audugar da aka tilasta wa talakawa nomawa tun daga 1928 kuwa a kudancin ƙasar take, nesa da babban birnin. Saboda haka aka daɗe ana zancen dogo ba a yi ba. Shirin haɗa Bangui da Chadi, wanda aka yi ta nazarinsa a ƙarshen shekarun 1950, a kan takarda ya ƙare.

Dogo ya tunkari garin ta fuska uku, kowanne ya tsaya a hanya. Na Sudan ya kai Nyala a 1959, na Najeriya ya kai Maiduguri a 1964, na Kamaru kuma ya kai Ngaundare a 1974. Na Maiduguri ne mafi kusa, kimanin kilomita 250 ta Dikwa da Gamboru da Fotokol. Abin mamaki shi ne jirgin sama ya riga na ƙasa zuwa. Bayan Gwamna Félix Éboué ya yi mubaya'a ga Janar de Gaulle a watan Agusta na 1940, Fort-Lamy ta shiga cikin hanyar jiragen yaƙin da ke tashi daga Takoradi, su bi ta Kano da Maiduguri, su nufi Khartum da Alƙahira.

Hausawa sun san wannan giɓi da tafin ƙafarsu. Mahajjatan da ke fitowa daga ƙasar Hausa sukan bi ta Borno su haye ruwa zuwa Fort-Lamy, su wuce Abeshe da Junaina da Fashir, kafin su riski jirgin ƙasa a Al-Ubayyid, inda dogo ya kai tun 1912. Da fari a ƙasa da kan dabbobi ake yin tafiyar, daga baya a manyan motoci. Da yawa guzuri yakan ƙare musu, su tsaya neman kuɗin gaba ta hanyar fatauci ko ɗinki ko koyar da karatu, zaman wata guda ya zama na shekaru. Haka al'ummomin Hausawa suka kafu a Chadi, kuma su ne John Works ya yi nazari a kansu a littafinsa na 1976. Wanda ya dace ya isa Khartum a wancan zamani, a can zai ga jirgi yana ratsa tsakiyar gari.

Yau birnin, wanda ƙidayar 2009 ta nuna mutanensa sun kusa miliyan ɗaya, ya dogara ne ga tasi da ƙananan bas-bas da 'yan acaɓa, waɗanda ake kira kilando. Su ke jigilar jama'a tsakanin Babbar Kasuwa da Dembe da Shaguwa da Farsha. Mafi yawan kayan da ake shigowa da su daga teku a Duwala suke sauka, tazarar kusan kilomita 1,800, su shigo ta gadar Ngeli da aka gina a kan Logon a 1985. Kuɗin wannan doguwar tafiya a kan mai saye yake faɗawa, a farashin siminti da sukari da magani. A 2011 gwamnatin Chadi ta ƙulla yarjejeniya da wani kamfanin Sin kan shimfiɗa dogo zuwa iyakokin Sudan da Kamaru, amma har yanzu jirgi bai shigo ba. Misalan Ikko da Khartum sun nuna cewa ƙaramin jirgi a bayan babba yake zuwa. Kafin N'Djamena ta ga mai zagaya tsakiyarta, sai ɗaya daga cikin dogayen nan uku ya ƙaraso bakin Shari.