Wa ya ce abincin mage madara ne?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Wata ƙanwata ce ta jawo maganar yau. Maƙwabtansu sun tashi sun bar wata babbar mage, ta yi kwana uku tana kuka a bakin ƙofa, sai tausayi ya kama ta ta shigo da ita gida. Kun san abin da ta fara yi, don da ku ne ma shi za ku yi: ta dama madarar gari mai kauri, ta cika kwano ta ajiye mata. Magen ta lashe tas. Washegari tsakar gida ba kyan gani, zawo ko'ina. Ta kira ni hankali a tashe, "Yaya, anya ba mai ciwo na kwaso ba?" Na ce mata a'a, lafiyarta ƙalau, ke ce kika ba ta ciwon. To amma ban ga laifinta ba. Mu duka da Tom and Jerry muka tashi, kuma tun 1940 da aka fara wannan katun ɗin ake nuna wa duniya mage da kwanon madara. Tambayar ita ce, daga ina abin ya samo asali?

Bari mu koma can baya. A 2004 masu binciken kayan tarihi suka sanar da wani kabari da suka tono a tsibirin Saifurus, mai kimanin shekara 9,500. Mutum ne a ciki, kusa da shi kuma an binne mage. Tsibirin ba shi da maguna na asali, ke nan a jirgin ruwa aka kai ta. Kakar magen gida kyanwar daji ce ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, irin wadda har yau ake samu a dazuzzukanmu na Sahel. Kuma ba wanda ya kira ta da kwano. Mutum ya fara noma ya gina rumbu, hatsi ya jawo ɓera, ɓera ya jawo mage. Shi ke nan yarjejeniyar: ke ki tsare mana rumbu, ladanki abin da kika kama.

Dubban shekaru haka aka zauna. Inda kuma aka tashi ciyar da ita da gangan, sau da yawa nama ake ba ta. A Alƙahira, Sarki Baibars, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, ya bar wakafin wani lambu don ciyar da magunan da ba su da mai su. Shekaru sama da 500 bayan haka, Baturen Ingila Edward Lane, wanda ya zauna a Masar, ya ba da labarin cewa har lokacin ana zuba wa maguna kayan ciki a harabar kotun babban alƙali kowace la'asar. Kayan ciki fa, ba nono ba.

Landan ma haka. A wajen 1851 wani ɗan jarida, Henry Mayhew, ya yi rubutu a kan talakawan birnin da sana'o'insu, har ya ƙiyasta magunan garin sun kai 300,000. Akwai mutanen da sana'arsu kawai tallan naman mage. Dawakin da suka tsufa ko suka mutu a bakin aiki ake dafawa, a yanka, a soka a tsinke kamar tsire, a bi layi ana kira. Maguna sun san muryar mai tallan unguwarsu, da sun ji shi sai su fito a guje.

Amma labarin da ya fi ba ni dariya na gidan waya ne. A 1868 wani ofishin gidan waya a Landan ya rasa yadda zai yi da ɓeraye, suna cinye takardun kuɗi. Sai aka ɗauki maguna uku aiki, a hukumance, aka ware musu sule ɗaya a mako. Sule ɗaya su uku! Kuma da gangan aka yi ƙanƙantar kuɗin, aka ce sauran abincinsu su nema a jikin ɓeraye, in kuma wata shida ya wuce ɓera bai ragu ba za a yanke albashin. Wannan tunanin, cewa sai an bar mage da yunwa take kamu, har yau yana nan a gidajenmu. Kuma kuskure ne. Farauta a jinin mage take, ko ta ƙoshi za ta yi. Wadda yunwa ta rame da ita ce ma ke barin gida, ko ta koma buɗe tukunyar miya.

To ina madara ta shigo? Daga gonakin Turai. Can manomi yana da shanu a gida, mage tana zaune a rumfar shanun saboda ɓeraye, in an yi tatsa sai a zuba mata kaɗan, don shi ne abin da ba a saya ba. Ita kuwa ba madarar take so ba, maiƙon da ke tasowa samanta take bi. Zaƙi ma ba ta san shi ba: a 2005 masu bincike a Amurka suka nuna cewa harshen mage ba ya jin zaƙi sam, ƙwayar halittar da ke wannan aikin a mace take a jikinta. Masu zane da masu rubuta littattafan yara suka ga mage da kwanon madara abin sha'awa ne, suka yi ta zanawa, katun ya zo ya ɗora.

Ga inda matsalar take. Madara tana da wani sukari da ake kira laktos, kusan kashi 5 cikin 100 a ta saniya. Jaririyar mage tana da sinadarin da ke narkar da shi a hanjinta. Da an yaye ta sai sinadarin ya yi ta raguwa, don a daji ba inda babbar mage za ta sake ganin nono. Sukarin da bai narke ba ya sauka babban hanji, ya jawo ruwa, ƙwayoyin cikin hanji su ruɓar da shi: kumburin ciki, iska, zawo. Akwai magunan da ke jure ɗan kaɗan, kuma kindirmo ya fi madara sauƙi tunda tsami ya rage sukarin. Amma cokali ɗaya na marmari daban, abinci daban.

Kada ku ce kamfanoni sun fi mu sani tun farko. Su ma sun yi ɓarna. Wani Ba'amurke, James Spratt, shi ya fara sayar da biskit ɗin karnuka a Landan wajen 1860, daga baya kamfaninsa ya shiga yin na maguna. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ƙarfen gwangwani ya yi wuya a Amurka, sai aka karkata ga busasshen abinci, wanda sai da garin hatsi yake ƙulluwa. Shekaru suna tafiya, maguna masu cin abincin kanti, masu gata, suna faɗuwa da ciwon zuciya, likitoci suna ɗauka ƙaddarar mage ce kawai. Sai a 1987 wani matashin likitan dabbobi, Paul Pion, a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, ya gano cewa wani sinadari ne mai suna torin ya yi ƙaranci a jininsu. Tun 1975 an san rashinsa yana makantar da mage, amma ba a haɗa shi da zuciya ba. Da aka ba marasa lafiyar torin, zuciyar da ta saki ta dawo tana bugawa daidai. Kamfanoni suka ƙara shi a abincinsu, cutar ta zama sai jefi-jefi.

Wannan torin ɗin a nama da kifi yake, musamman zuciya. Ni da ku jikinmu yana haɗa nasa, kare ma haka. Mage ba ta iya haɗa wanda zai ishe ta. Babu shi a tuwo, babu a shinkafa, a madarar saniya ma ɗan kaɗan ne. Shi ya sa abincin kare ba ya riƙe mage, kuma magen da ake zuba wa ragowar tuwo, in kun ga tana raye da ƙarfinta, ɓera da ƙadangare ne ke rufa mata asiri. Ranar da kuka kulle ta a ɗaki ba fita, komai ya dawo wuyanku. Kun dai san hadisin matar da ta shiga wuta saboda ta tsare mage, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba.

Sai maganar yawa, wadda ƙanwata ta fi damuwa da ita. Ɓera ɗaya kalori wajen 30 ne, shi ya sa magen da ke ciyar da kanta take ci kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini. Mage mai nauyin kilo 4 tana buƙatar kalori 200 zuwa 250 a rana. In busasshen abincin kanti ne, wannan giram 50 zuwa 60 ne kacal, bai cika kofin shayi ba. A duba jikin ledar, a raba biyu ko uku. In na gida ne, dafaffen nama ko kaza ko kifin da aka cire wa ƙaya, hanta kuma kaɗan-kaɗan. A cire nata kafin a yi sanwa, don albasa da tafarnuwa suna lalata mata jini, miyarmu kuwa ba ta yiwuwa babu su. Tsoka zalla ma ba ta da isasshen sinadarin ƙashi, don haka mai niyyar dafa mata kullum ya tuntuɓi likitan dabbobi. Ruwa kuma kada ya yanke. 'Yar hamada ce, ba ta cika jin ƙishi ba, ta saba samun ruwanta a jikin ɓera, busasshen abinci kuwa ruwansa kashi 10 ne cikin 100.

Sabuwar mage za ta ɓuya a ƙarƙashin gado, ta ƙi ci yini guda, wannan ba komai. In an san abin da ta saba ci a fara da shi, a canza a hankali cikin mako guda. Amma in ta kai kwana biyu ba ta sa komai a baki ba, a kai ta asibiti, musamman mai ƙiba, don kitse ne ke taruwa a hantarta kuma yana kisa.

Ita dai ƙanwata ta bar damun madara. Yanzu kowace safiya akwai mai kajin da ke ajiye mata zuciya da ƙundu, magen kuma har ta san ƙarar ledar.