Dakosta da Yaronsa Sanusi Aka, Maginan Tsohon Masallacin Juma'a na Ikko

Da yawa daga cikinmu, musamman masu shiga Idumota da Balogun sarin kaya, in Juma'a ta riske mu a cikin tsibiri, babban masallacin nan na kan titin Nnamdi Azikiwe muke nufa. Wannan gini mai hasumiya huɗu Janar Ibrahim Babangida ne ya buɗe shi ran 28 ga Mayu, 1988, saboda haka yaro ne a cikin gine-ginen Ikko. Kafin shi akwai wani masallacin a daidai wannan wuri, wanda aka sa harsashinsa a 1908 aka gama a 1913, ya kuma yi wajen shekara 70 ana sallah a cikinsa. Dattawanmu da suka iso Kurmi tun ana loda goro a jirgin ƙasa sun san shi sarai. Wanda ya tsara shi sunansa Joao Baptista da Costa, amma a nan za mu riƙa ce masa Dakosta don sauƙin baki. Wanda ya ƙarasa ginin kuwa yaronsa ne, Sanusi Aka.

Dakosta yana cikin mutanen da Yarbawa ke kira Aguda, wato bayin da aka kai ƙasar Burazil da 'ya'yansu, waɗanda suka sami kansu suka komo gida ta teku. To, labarin Agudawa ya shafe mu fiye da yadda muke zato. Bayan an fara jihadin Shehu a 1804, ga kuma daular Oyo tana rugujewa, kamammun yaƙi sun yi yawa, aka riƙa gangarowa da su Ikko da Badagiri da Wida ana sayar wa Turawan Fotugal, su kuma suna kai su Bahiya, wani lardi a gaɓar Burazil mai gonakin rake. A cikinsu akwai Hausawa da dama, wasu ma almajirai ne masu karatu a ka. Tun 1807 hukumar Bahiya ta tono wani shirin bore na bayi Hausawa, aka sake yi a 1809 da 1814. Babban boren shi ne na watan Janairu 1835, cikin goman ƙarshe na azumi, lokacin da Musulmi, akasarinsu Yarbawa tare da wasu Hausawa, suka fito titunan birnin Salbado cikin fararen riguna. Ba su yi nasara ba. Da 'yan sanda suka bi gida-gida bincike, abin da suka yi ta samu shi ne alluna da layu da takardun Larabci. Aka kashe wasu, aka yi wa wasu bulala, aka kuma tasa ƙeyar 'yantattu masu yawa zuwa Afirka, wasu kuma suka biyo baya don kansu saboda zaman ya ƙi daɗi.

Yaya bawa ya sami kuɗin jirgi? A birnin Salbado akwai wata al'ada irin wadda kakanninmu ke kira murgu. Ubangida ya saki bawansa ya shiga gari ya yi sana'a, duk mako ya kawo abin da aka yanka masa, saura nasa ne. Da wannan saura mutum ke tari har ya fanshi kansa. Birni ne kuma mai yawan coci da benaye, kullum ana gini ana gyara, don haka birkila da kafinta da maƙeri da fenta su suka fi saurin tara abin fansa. Da suka tashi komowa, wannan sana'a ita ce jarin da suka ɗauko, jarin da ba ya biyan kuɗin fito.

Bayan Ingilishi sun yi wa Ikko ruwan igwa a 1851 sun kori Sarki Kosoko, sannan suka karɓe garin ɗungurungum a 1861, sai masu komowa suka ƙaru, suka ƙara yawa kuma bayan Burazil ta soke bauta a 1888. Aka ba su unguwa, Popo Aguda, wajen dandalin Campos da titunan Bamgbose da Tokunbo da Kakawa. Akwai Kirista a cikinsu akwai Musulmi, wani lokaci a gida ɗaya. Ikkon da suka tarar gari ne na bangon laka da jinkar ganye, gobara kuwa ba ta ɗaga ƙafa. Su kuma ga su da sanin gasa jan bulo, da ɗaga bene, da juya baka a kan ƙofa da taga, da fitar da fure da ganye a jikin yaɓe. Har yau akwai titi a Ebute Metta mai suna Brickfield, sunan da ya samo daga wurin gasa bulo. Nan da nan attajirai da 'yan mishan da ita kanta gwamnati suka shiga neman su. Biyu daga cikinsu, Lazaro Borges da Silva da Francisco Nobre, su suka yi aikin cocin Katolika na Holy Cross na farko, wanda aka gama a 1881. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, amma waɗannan baƙi dai rana ta fito ba su bushe ba.

Aikin da ya fito da sunan Dakosta wani ɗan kasuwa ne ya ba shi, Muhammadu Shitta. An haifi Shitta a 1824 a Waterloo ta ƙasar Saliyo, iyayensa Yarbawa ne da jiragen Ingila suka ƙwato daga hannun masu fataucin bayi. Ya yi arzikinsa a kan kogin Kwara, a Eggan ta ƙasar Nufe, inda yake saye da sayarwa tsakanin 'yan ƙasa da kamfanonin Turawa, har ya zama Sarkin Musulmin Ikko, abin da Yarbawa ke cewa Seriki Musulumi. A 1891 ya ƙudura gina masallaci a titin Martins da kuɗin aljihunsa, kuma abin da ake ambata ya kashe bai gaza fam 3,000 ba, a zamanin da fam guda ke da nauyi. Dakosta ya riƙe aikin, Sanusi Aka na taya shi.

Wanda bai taɓa tsayawa ya dubi wannan masallaci ba, ya daure ya yi in ya shiga Martins. Ba shi da girma, kuma rumfunan 'yan kasuwa da lemominsu sun kusa shanye shi. Sai ka ja baya ka ɗaga kai. Fuskar ginin ta haura saman rufi ta yi tozo, an jera mata 'yan tsinaye masu kama da zankon sorayenmu na Arewa, an kuma yi mata ado da tayil. Wanda ya san hotunan cocin Bahiya zai gane daga inda hannun ya fito. Mai gini abin da ya koya shi yake ginawa, Dakosta kuwa a makarantar Burazil ya yi karatunsa. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki wannan fasali ya juya shi ya fuskanci alƙibla, ya bar ciki a buɗe don sahu. Mu a ganinmu wayon Shitta ya fito a nan. Yana da kuɗin da zai sa a yi masa duk abin da ya ga dama, amma ya nemi wanda ya fi kowa iyawa a garin, ya sakar masa aiki. Masu kuɗinmu na yanzu da ke tsayawa kan birkila suna canza masa taga sau uku kafin la'asar, a yi haƙuri, da su muke.

An buɗe masallacin ran 4 ga Yuli, 1894, kuma an yi taron da Ikko ba ta saba gani ba. Gwamna Gilbert Carter, wanda gadar Idumota ke ɗauke da sunansa, shi ya jagoranci buɗewar. Sarki Oyekan na nan, manyan attajirai Kirista na nan. Sarkin Musulmi na Santambul, Abdulhamid na Biyu, ya aiko da wakili, wani lauya Bature ɗan Liverpool mai suna Abdullahi Quilliam wanda ya musulunta a 1887, ya kawo wa Shitta lambar girma ta Majidiyya da sarautar Bey. Daga ranar aka koma ce masa Shitta-Bey, masallacin ma haka. Shekara guda bayan nan, a 1895, Allah ya yi masa rasuwa. Sunan mai kuɗi ya zauna a bakin kowa har yau, har zuri'arsa ma da shi ake kiranta, sunan magini kuwa sai a littattafan masu bincike.

Da jama'ar Musulmin Ikko suka ga tsohon masallacin Juma'arsu ya yi musu kaɗan, kuma bai dace da garin da ke ta ɗaga benaye ba, sai suka koma wa Dakosta. Wannan karon aikin na jama'a ne, karo-karo aka yi, attajirai irin su Alli-Balogun suka sa hannu sosai. Titin a lokacin sunansa Victoria. Dakosta ya tsara gini wanda ya ninka na Martins nesa ba kusa ba, mai hasumiya biyu dama da hagu, da jerin bakuna a gaba. Ana cikin aiki ajali ya riske shi.

A nan ne amfanin riƙon yaro ya bayyana. Gini irin wannan, in mai shi ya faɗi a tsakiya, sau da yawa sai ya zama kango, ko a kawo wani ya ɗora abin da bai dace da harsashi ba. Amma Sanusi Aka, Bayarabe Musulmi ɗan gari, ya riga ya yi shekaru a gindin maigidansa tun aikin titin Martins, ya san awonsa ya san hannunsa. Shi ya ɗauki ragamar har aka buɗe masallacin a 1913. Daga fara masallacin Shitta zuwa wannan rana shekara 22 ke nan. A gwada da yaranmu da muke kai wa koyon sana'a, wata shida su ce sun iya, a yi musu firidom.

Hausawa na cikin waɗanda suka yi sahu a sabon masallacin. Tun 1863 Gwamna Glover ya kafa rundunarsa ta Hausawa, wadda ita ce tushen sojan Nijeriya, kuma zaman sojojin nan ne ya kafa Obalende. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, fataken goro suka bar doguwar hanyar Gwanja ta ƙasa suka koma ɗauko kaya ta teku zuwa Ikko, daga nan a loda a jirgi. Sai dai masallacin bai daɗe da buɗewa ba rigima ta shige shi. Gwamnati ta ɗora wa mutanen gari kuɗin ruwan famfon da aka jawo daga Iju, nan kusa da Agege. Limamin Juma'a ya goyi bayan gwamnati, akasarin jama'a suka ƙi, aka rabu biyu, aka yi shekaru ana shari'a kan wa ke da masallaci. Alli-Balogun, wanda ke ɓangaren liman, ya gina nasa masallacin a kan titin nan guda.

Hannun Agudawa bai tsaya a tsibiri ba. Yaran da suka koya a wurinsu, irin su Sanusi Aka, su ma suka yaye nasu yaran, kuɗin koko kuma ya shigo ƙasar Yarbawa, kowane manomi da ɗan kasuwa na son a ce ya ɗaga bene, abin da suke kira ile petesi. Haka fasalin ya bi layin dogo da hanyar mota zuwa Abekuta da Ibadan da Ijebu da Oshogbo, da tagoginsa masu ado da zakunan siminti a bakin ƙofa. Babban masallacin Porto-Novo a Jamhuriyar Benin ma wannan gidan ya fito. Abin da zai ba wasunmu mamaki shi ne tsarin cikin gidan: doguwar hanya a tsakiya, ɗakuna dama da hagu suna kallon juna, kicin da bayi a baya. Masu bincike sun nuna daga gidan Agudawa wannan tsari ya yaɗu. Da aka cire masa fure da tayil, aka bar ƙashin, shi ne fes-mi-ai-fes-yu ɗin da yawancinmu muka fara kama haya a cikinsa ranar da muka sauka garin nan.

Masallacin Dakosta da Sanusi Aka an rushe shi a farkon shekarun 1980 don a sami wanda zai ɗauki jama'a. Hujjar tana da ƙarfi, mutane sun yi yawa, sahu na fita har kan titi. Amma mun san a Zariya, da aka tashi sabunta masallacin Juma'ar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tun zamanin Sarki Abdulkarimu, sai aka lulluɓe tsohon ɗakin sallar a cikin sabon gini, bakunansa na nan ana ganinsu. Muna kawo wannan ne don a zangunanmu na Kurmi ma, duk lokacin da kuɗi ya shigo asusun masallaci, maganar farko ita ce a rushe na iyaye a zuba dakin, kuma da wuya ka ji an tambayi wa ya gina na farkon, ko a ɗauki hotonsa kafin a sa diga.

A tsibirin kuwa gidajen Agudawa sai raguwa suke yi, plaza na cinye su. Ilojo Bar da ke kusa da dandalin Tinubu, wanda gwamnati ta sa cikin kayan tarihin ƙasa tun 1956, an wayi gari an baje shi ran 11 ga Satumba, 2016, ana jajibirin Babbar Sallah. Gidan Ruwa na iyalin da Rocha a titin Kakawa yana nan. Masallacin titin Martins, wanda aka sa shi ma cikin kayan tarihin ƙasa a 2013, yana tsaye yadda Dakosta ya bar shi, kuma in azahar ta yi 'yan kasuwar layin nan suke alwala su shiga.