Daga "Vulgar" Zuwa "Baƙauye": Tarihin Wata Kalma

Wata rana a aji wani ɗalibi ya kawo mini tsohon littafin lissafi na mahaifinsa, ya nuna mini inda aka rubuta "vulgar fraction", ya ce, "Malam, ashe har a lissafi ma akwai batsa?" Yara suka tuntsire da dariya. Amma yaron bai yi laifi ba, domin ma'anar da ya sani ke nan ga kalmar "vulgar", watau magana maras tarbiyya wadda ba a faɗi gaban manya.

Asalin kalmar daga Latin take, harshen Rumawa, inda "vulgus" ke nufin jama'a, talakawa, 'yan gari. Fassarar Baibul da Jerome ya yi a ƙarshen ƙarni na 4 an daɗe ana kiranta "Vulgata", ma'ana wadda ta game jama'a. A farkon ƙarni na 14 mawaƙin nan na Italiya, Dante, ya rubuta littafi yana kare harshen da ake magana da shi a gida da kasuwa, kuma da wannan kalma ya kira harshen. Haka ta shiga Turanci, tana nufin abin da kowa ya saba da shi. Ragowar wannan ma'ana ce ɗalibina ya tsinta a littafin lissafi. Sai wajen ƙarni na 17 ta soma ɗaukar ma'anar rashin ladabi, domin masu hali sun ɗauka duk abin da talaka ke yi ƙasƙantacce ne. Haka nan "villain", wadda yau ke nufin mugu, da can sunan mai aikin gona ne a gandun wani attajiri.

To, mai karatu, kada mu yi wa Turawa dariya, mu ma haka muka yi. Dubi "baƙauye". A zahiri mutumin ƙauye ke nan, ba ƙari. Amma je ka faɗa wa wani a Kasuwar Kwari ka ga yadda za ku ƙare! Daga nan aka samo "ƙauyanci". Ga kuma "bagidaje" da "gidadanci", inda kunne ke jin "gida" a ciki, kamar a ce wanda bai taɓa fita ya ga duniya ba. "Bamaguje" ma, da masana ke dangantawa da "majusu" na Larabci, sunan al'umma ne kafin ya koma abin goranci.

Ganuwa ce, a ganina, ta haifi wannan. Tun da Gijimasu ya soma ginin ta Kano a ƙarni na 12, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15, aka sami na ciki da na waje. A ciki sarki yake, da alƙali, da manyan malamai, da Kasuwar Kurmi. Saboda haka maganar ciki ta zama ita ce daidai. Da aka zo daidaita Hausar rubutu ma a kan karin Kano aka ɗora ta.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne wanda ake kira baƙauyen. Rawanin nan ɗan Kura mai sheƙi, da sarakuna ke naɗawa, Buzaye kuma ke ketowa Sahara su saya, a marinar Kura aka rina shi, aka buge shi. Bayan an gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa ya biyo magudanai ya iso Kadawa da Kura da Garun Malam da nan Bunkure. Yau tumatirin da ake lodi a Kwanar Gafan har Legas yake zuwa, ban da shinkafa da alkama da albasa. Manomin rani a nan ya san lissafin taki da ranar sakin ruwa da farashin Legas, abin da ɗan birni da yawa bai sani ba.

Mu marubuta ya kamata abin ya fi damu, don an ɗanɗana mana. A shekarun 1990, da littattafan soyayya suka cika gari, aka laƙaba musu suna "Adabin Kasuwar Kano", kuma da yawa daga masu furta sunan raini suke nufi: rubutun 'yan kasuwa, na mata da matasa, ba na malamai ba. Marubuta sun ji zafi, sun mai da martani a jaridu. Amma buɗe littattafan ka duba. Da zarar an ce ga wani ya zo daga ƙauye, ka san zai sha ruwan wanke hannu, ko ya tsorata da fanka. Ɗalibaina na Bunkure suna karanta waɗannan littattafai ƙwarai, suna dariya tare da kowa, sa'annan in an ba su aikin rubuta labari sai su kai jaruminsu Nasarawa ko Abuja. A makon jiya na karɓi labarai talatin da ɗaya. Guda biyu ne kawai aka ambaci gona a cikinsu.