Katin SIM da Ajiyar Sunaye a Parakou da Djougou

Parakou da Djougou, a arewacin Jamhuriyar Benin, tsofaffin zanguna ne a kan hanyar fatake da ta tashi daga Kano zuwa Gwanja, inda ake saro goro. A wancan zamani, madugu a ka yake riƙe sunayen masu masauƙinsa. Da wayar salula ta iso ƙasar wajen shekarar 2000, sai wannan ajiya ta koma cikin katin SIM.

A shekarar 1991 kamfanin Giesecke & Devrient na birnin Munich ya ƙera katin farko. Ba ya ɗaukar kaya da yawa, mai kyau daga cikinsu sunaye 250 ne iyakarsa, amma ga ɗan kasuwar Zango sunayen nan su ne jarinsa. Idan waya ta lalace, akan sa katin a ƙaramar na'urar karatu, a haɗa ta da kwamfuta, a kwafe lambobin.

Yau mai son tayar da irin wannan na'ura zai tarar da cikas uku. Na farko, yawancin tsofaffin na'urorin ta kafar RS-232 ake jona su, ita kuwa ta ɓace daga sababbin kwamfutoci, sai an nemi mahaɗin USB. Na biyu, manhajarsu an rubuta ta ne domin Windows 98 ko XP, wanda Microsoft ya daina kula da shi a 2014. Na uku shi ne ƙarfin wuta: katunan farko bolt 5 suke sha, na baya kuwa 3 ko 1.8, don haka na'ura tana iya kasa ganin kati alhali lafiyarsa ƙalau.

Wajibi ne kuma a yi hattara da lambar sirri. Wanda ya kuskure PIN sau uku, katin zai kulle. In ya kuskure PUK sau goma, ya rasa shi ke nan har abada.

Ko an ceto sunayen, da sauran aiki. Tun 30 ga Nuwamba 2024 lambobin wayar Benin suka koma alƙaluma goma, bayan an ƙara 01 a gaban takwas ɗin da aka sani. Duk lambar Benin da aka ciro daga tsohon kati, sai an yi mata wannan ƙari kafin kira ya shiga.